Yadda Zaka Yi Aiki Da Injin Tsaga Katako Na Tebur Ba Tare Da Ka Bar Yatsa A Kai Ba

Tambayar da tafi kowace yawan zuwar min daga samarin da suka gama koyon kafinta suka buɗe nasu shagon ita ce ta injin tsaga ɗin nan na tebur, wane iri zasu saya, ya ake saita shi, me yasa katako yake ƙonewa a gefe, me yasa in sun auna 30 sai ya fito 29 da rabi. Da yawansu sun shekara biyar suna kai katako 'Yan Katako ana tsaga musu amma basu taɓa tsayawa a gaban injin da kansu ba, saboda oga baya bari. Toh yau zan jero shi daki-daki yadda nake yi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Da yawa daga cikin waɗanda injin nan ya ci wa yatsa, katakon ne ya matse bayan faifan, wato zagayayyen zarton nan mai haƙora, injin ya yi harbi irin na jaki, katakon ya dawo baya da ƙarfi ya fizgo hannun ya ɗora shi akan haƙora. Kuma abin da yake kawo harbin nan shi ne dai yake kawo karkataccen yanka, wato rashin saiti. In ka gyara saitin ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

1. Kayan da zaka tanada

Injin kansa iri biyu zaka samu. Akwai na kamfani irin su Makita, DeWalt, Bosch, Ingco da Total, yawanci faifan inci 10 suke ɗauka, wato milimita 254, moton kuma wat 1,500 zuwa 2,000, suna yanka kauri har wajen inci 3 in faifan yana tsaye. Akwai kuma ƙirar gida da masu walda suke haɗawa da moto da bel da boris, wanda shi yafi yawa a shagunanmu saboda yafi araha kuma ko ya lalace akwai mai gyara a bayan layi. Ni bana raina ƙirar gida, yana da ƙarfi, amma kusan duk wanda na gani sai an ƙara masa abu biyu kafin ya zama na aiki lafiya, zamu zo kansu a mataki na 2 da na 5.

Bayan injin kana buƙatar sukwaya ta ƙarfe mai kyau, tef, rula ta ƙarfe, sifana daidai notin faifan, kilam guda biyu, tabarau na aiki, takunkumin ƙura, da abin toshe kunne. Sandar turawa da kanka zaka yanka ta daga guntun filawud, ko sisi baza ta ci maka ba.

Maganar kuɗi: kar ka zuba duk abin da ke aljihunka akan injin. Ware wani kaso na faifai biyu masu kyau, da waya mai kauri, da makunni. Na ga mutum ya sayi injin mai tsada ya ɗaura masa faifai mafi arha a kasuwa, cikin sati biyu haƙora biyu suka fita. In na hannu zaka saya, cire filogi ka kama faifan ka girgiza shi hagu da dama, in kaji yana wasa toh boris ya tafi ko shaf ɗin ya lanƙwashe, ka sa kuɗin gyaran cikin cinikin. Ɗora rula akan teburin kuma ka leƙa ƙasanta, in haske yana wucewa a tsakiya teburin ya lotsa, wannan kam ka haƙura da shi.

2. Wuta da makunni

Injin wat 2,000 akan wutarmu ta 230 yana jan wajen am 9 yana cikin aiki, amma lokacin tashi yana jan ninkin haka. Shi yasa ƙaramin janareta yake shaƙewa da ka kunna. Ka ba shi janareta mai sarari sosai sama da ƙarfin moton, kuma wayar da zaka ja ta zama 2.5 ko sama, kar ka yi amfani da siririyar wayar ekstenshan ta cajin waya, zata yi zafi, moton ya dinga gurnani yana rasa gudu, faifan da ya rasa gudu kuwa shi yake cafke katako.

Gargaɗi: makunnin da ake sa wa ƙirar gida irin na bango ne, in ka danna ya zauna a kunne. Kana cikin tsaga NEPA ta ɗauke, ka manta baka kashe ba, ka sa hannu kana zaro katakon, sai a dawo da wuta. Wannan a ƙasarmu ba tatsuniya bace, kullum ana iya ɗaukewa a dawo cikin minti ɗaya. Je wajen masu kayan wuta ka ce a baka makunni mai maganaɗisu, irin mai koren maɓalli da ja, wanda in wuta ta ɗauke yake sakin kansa, sai ka sake danna kore da hannunka kafin injin ya tashi. A ɗaura shi inda gwiwarka ko cinyarka zata iya buga jan ba sai ka saki katako ba. A kuma haɗa wa jikin injin wayar ƙasa tunda duk ƙarfe ne.

3. Zaɓen faifai da ɗaura shi

Yawan haƙora shi ne zancen. Mai haƙori 24 na tsagawa ne a tsaye, bin tsawon katako, ramukan tsakanin haƙoransa manya ne suna kwashe dusa da sauri. Mai 60 zuwa 80 na yankan gicciye ne da filawud da MDF da allon nan mai farar fata na kabad. Mai 40 ko 50 yana taɓa kowanne, in faifai ɗaya kawai zaka iya saya shi zaka ɗauka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki mai 80 a ce yafi laushin yanka a tsaga tu-bai-fo na madaci da shi, sai hayaƙi, sai baƙin tabo a gefen katako, sai turawa da ƙarfi.

Duba ramin tsakiyar faifan. Injinan Amurka galibi inci 5/8 ne, na Turai milimita 30, wasu kuma 25.4. In ramin yafi shaf ɗin faɗi akwai zoben ƙarfe da ake sa wa ya cike, kar ka ɗaura shi haka nan ka ce noti zai riƙe. A jikin kowane faifai an rubuta iyakar gudun da zai iya ɗauka a minti, gudun injinka kar ya wuce wannan. Masu ƙirar gida ku yi lissafi: moto mai gudun 2,800 in fulinsa, wato gargaren da bel yake hawa, inci 6 ne na shaf kuma inci 4, faifan yana juyawa 4,200 kenan.

Wajen ɗaurawa, fara cire filogi daga soket ka ajiye shi akan teburin inda idonka yake ganinsa, kashe makunni kaɗai bai isa ba, yaron shago zai iya zuwa ya danna. Haƙoran da ke sama su kalli inda kake tsayawa. Goge washa biyun da suke matse faifan, ƙwayar dusa ɗaya a tsakani tana sa shi rawa. Notin yana kwancewa ne ta ɓangaren da faifan yake juyawa, wato ka jawo sifana wajenka, a ɗaure kuma ka tura ta gaba. Ɗaurin hannu mai kyau ya isa, ba sai ka buga da guduma ba.

Gargaɗi: faifan da ya tsage ko ya rasa haƙori a jefar da shi. Kar a kai wa mai walda ya like.

4. Saiti, nan ne aikin yake

Anan zan daɗe domin wanda ya tsallake wannan duk sauran shirme ne. Filogi yana cire har yanzu.

Na farko, faifai da ramin tebur. Akan teburin kamfani akwai dogon rami da maita geji yake bi, wato ƙarfen da ake jingina katako a tura shi wajen yankan gicciye. Ɗaga faifan har ƙarshe, sa wa haƙori ɗaya alama da maka, juyo shi gaba daidai saman tebur ka auna daga bakin ramin zuwa haƙorin. Sai ka juya wannan haƙorin dai zuwa baya ka sake aunawa. Dole awon ya zo ɗaya. Dalilin amfani da haƙori ɗaya shi ne ko faifan yana da ɗan lanƙwasa bazai ruɗe ka ba. In bai zo ɗaya ba, sassauta notikan da suka riƙe teburin ko gadon shaf ɗin daga ƙasa, ka ɗan bubbuga da katako har ya daidaita, ka ɗaure, ka sake aunawa domin wajen ɗaurewa yakan goce. Wannan zai iya cinye maka awa guda ranar farko, amma sau ɗaya ne a watanni.

Na biyu, fens, wato ƙarfen da katako yake jingina da shi yana tafiya, wasu geji suke ce masa. Kulle shi ka auna daga shi zuwa haƙorin gaba, ka auna zuwa haƙorin baya. Ko dai su zo daidai, ko na baya ya fi faɗi da kaurin takarda ɗaya ko biyu. Abin da ba'a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne baya ya fi gaba matsewa. Ka yi tunani, haƙoran gaba ƙasa suke yi suna danne katako akan tebur, na baya kuwa sama suke tasowa. In fens ya tura katako kan haƙoran baya sai su ɗaga shi, ya hau saman faifan, saman faifan kuma wajenka yake gudu. Faifan inci 10 mai juyi 4,000 a minti, bakinsa yana tafiyar kusan kilomita 190 a awa, da irin wannan gudun katakon zai nufo cikinka. Babu mai zafin naman da zai kauce.

A ƙirar gida fens ɗin sau da yawa guntun ƙarfe ne ko katako da ake matsewa da kilam gaba da baya. Ba laifi, amma hakan na nufin duk sanda ka matsar da shi sai ka auna gaba ka auna baya, kowane lokaci, ko oga yana tsaye yana maka tsawa kana ɓata lokaci.

Na uku, tsayuwar faifai. Ɗora sukwaya akan tebur ka jingina ta da jikin faifan a tsakanin haƙora biyu, kar ta hau kan haƙori domin haƙorin yafi jikin faɗi. In ba haske toh 90 ne. Lambobin da ke jikin injin kar ka yarda da su ɗari bisa ɗari. Gwajin da nafi so: yanka guntun katako mai kauri gida biyu, kifa rabi ɗaya, ka haɗa bakunan akan tebur. In akwai karkata zata fito ninki biyu, ko makaho ya shafa zai ji.

5. Wuƙar baya

Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai siffar lauje da yake tsaye a bayan faifan, yana shiga cikin tsagar da aka yi ya hana katakon rufewa ya cije faifan, ya kuma hana shi gocewa kan haƙoran baya. Injinan kamfani suna zuwa da shi tare da murfin roba na saman faifai, kuma abin takaici ranar farko ake cire su a jefa ƙarƙashin benci wai suna tare ido. Mayar da naka.

In ƙirar gida ne sa mai walda ya yanka maka. Kaurinsa ya ɗan fi jikin faifan amma kar ya kai faɗin tsagar da haƙora suke yi, misali jikin faifai milimita 2.2, tsaga 3.2, toh ƙarfe mai 2.5 ya yi. Ya tsaya a layi ɗaya cif da faifan, ɗora rula a gefe ka tabbatar, tazararsa da haƙora kuma kar ta wuce milimita 8. A ɗaure shi da noti biyu yadda bazai motsa ba. Kuɗin wannan bai kai na faifai ɗaya ba, kuma a ganina duk cikin injin babu ƙarfen da ya kai shi amfani.

Akwai wani injin Amurka mai suna SawStop da yake jin taɓawar fatar mutum ya tsayar da faifan cikin ƙiftawar ido, amma tsadarsa ba ta shagon unguwa bace, kuma ɗanyen katako mai ruwa yana iya tayar da birkin a banza, ga shi mu rabin katakonmu ɗanye ne.

6. Kai da wurin aikinka

Babbar riga, jallabiya mai faɗin hannu, agogo, zobe, carbi a wuya ko a hannu, duk a cire. Naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Safar hannu kuma haramun ce a wannan injin, mutane suna ɗauka kariya ce alhali haƙori ɗaya ya kama zare ya ja hannun gaba ɗaya. Sa takalmi rufaffe, silifas akan dusa santsi yake.

Tabarau dole. Kunne kuma, ƙarar injin nan tana kai wajen desibel 100, wanda ya wuce 85 da ake cewa daga nan ji yake fara lalacewa, shi yasa zaka ga tsofaffin masu injin sai ka ɗaga murya kafin su ji ka. Ƙura ma ba ta wasa bace, ta loko tana jawo asma da ƙaiƙayin fata, ta MDF kuma gari ce laushi mai haɗe da gam da take shiga har ƙirji.

Share ƙasa, kwashe guntaye daga kan tebur, ka tabbatar babu kowa a bayanka a layin faifan. Wayarka a aljihu, in ta yi ƙara ta jira.

7. Duba katakon

Kafin katako ya hau tebur juya shi ta kowane gefe. Ƙusa, guntun waya, tsakuwa, musamman katakon da aka ciro daga rufi ko wanda aka yi dakin da shi yana da siminti. Kulli mai motsi a fitar da shi tukuna. Loko wani lokaci yana da wani farin abu mai tauri kamar dutse a cikinsa da yake dakushe haƙora nan take.

Gefen da zai jingina da fens dole ya zama miƙaƙƙe, fuskar da zata kwanta a tebur kuma ta kwanta ba rawa. In katakon ya lanƙwashe kamar baka, a fara kai shi injin filen, ko ka buga shi da ƙananan ƙusoshi akan miƙaƙƙen filawud, nesa da layin yanka, filawud ɗin ya bi fens. Katako mai murɗewa da yake rawa akan tebur kar ka tsaga shi haka.

Ɗanyen katako, irin malaina da ake kawowa bata gama bushewa ba, yana da halin rufe tsaga a bayan faifai. Nan ne wuƙar baya take biyan kuɗinta.

8. Tsayin faifai da awo

Ɗora katakon a gefen faifan ka ɗaga shi har haƙora su leƙo saman katakon da kamar milimita 5 ko 6. Barin faifai a can sama kullum saboda ƙyuyar juya hannu yana nufin in tsautsayi ya zo abin da zai yanka yafi yawa.

Auna daga fens zuwa gefen haƙorin da yake kallon fens, kar ka auna zuwa jikin faifan ko tsakiyarsa. Kuma ka tuna kowane yanka yana cin wajen milimita 3 ya mayar da shi dusa. Faɗin allon filawud milimita 1220 ne, tsawo 2440. In kana son tsaga huɗu masu 300 zasu fita, amma biyar masu 244 baza su fita ba duk da lissafi ya ce 1220 ne cif, yanka huɗu sun cinye 12, na ƙarshen zai zo gajere ka koma kasuwa sayen wani allon saboda tsiri ɗaya. Kullum fara gwadawa da guntun banza ka auna abin da ya fito kafin ka sa katakon mai kuɗi.

9. Tsagawa a tsaye

Tsaya ɗan hagu da layin faifan, kar cikinka ya saitu da shi. Kunna injin katakon bai taɓa haƙora ba, jira ya kai cikakken gudu, kunnenka zai gaya maka. Hannun hagu yana danne katakon ƙasa da kuma wajen fens, kuma yana nan a wuri ɗaya kafin faifan, baya bin katakon. Hannun dama yana turawa daga ƙarshe. Idonka akan inda katako ya haɗu da fens, in ka ga haske ya buɗe a wurin yankan ya fara gocewa.

Tura da gudu ɗaya, ba tsayawa ba fizga. In ka tsaya a tsakiya wurin zai ƙone, in ka matsa da yawa zaka ji moton ya canza murya, sai ka rage.

Da ƙarshen katakon ya rage saura kamar santimita 30 ya kai faifan, janye hannun hagu ka ɗauki sandar turawa, wadda tun farko ka ajiye ta a dama da fens inda hannu zai same ta ba dube-dube. Tsawonta ya kai santimita 45 da ɗan baki a ƙarshe da zai kama katakon. Ni nafi son mai siffar takalmi, wadda take kwanciya akan katakon da ɗan dunduniya a baya, saboda tana dannewa ƙasa tana turawa lokaci ɗaya. Tura ɓangaren da ke tsakanin faifai da fens har ya wuce bayan faifan gaba ɗaya. In faɗin abin da kake tsagawa bai kai tafin hannu da rabi ba, wajen santimita 15, da sandar zaka yi tun daga farko.

Gargaɗi: kar ka saki katako a tsakanin faifai da fens injin yana gudu. Kar ka miƙa hannu ta saman faifan ko bayansa don ɗauko guntu. Ni kaina na taɓa sakin wani siririn tsiri na afara saura kaɗan ya wuce saboda wani ya kira sunana daga bakin ƙofa, ban ma ga tafiyarsa ba, ƙara kawai naji, na juya na tarar ya huda ƙofar kabad ta filawud da ke jingine a bango taku huɗu a bayana. Da a layin nake tsaye da cikina ne.

In katakon ya cije a tsakiya, riƙe shi da kyau kar ka ja baya, buga jan maɓalli da gwiwa, jira faifan ya tsaya cak, sannan ka cusa ɗan tsinken katako a tsagar ta baya ya buɗe ta.

Dogon katako yana buƙatar abin tara a baya, tebur ko benci mai tsayi ɗaya da injin ko ƙasa kaɗan. In yaro ne zai tara maka, ja masa kunne cewa tallafa kawai zai yi, baya ja, baya matse ɓangarorin biyu, baya ɗagawa. Yawancin yara suna ja don su nuna ƙwazo, in ya ja kuma hannunka ne yake bin katakon zuwa haƙora.

10. Yankan gicciye

Wannan da maita geji ake yi, fens kuma a matsar da shi can gefe. Haɗa su biyun kuskure ne babba: guntun da ya yanke zai maƙale tsakanin faifai da fens ya juya ya harbo. Haka kuma katakon da faɗinsa yafi tsawon gefen da zai jingina, kar ka bi fens da shi. Yanka da hannu kawai ba fens ba geji, kana bin layin fensir da ido, wanda na san ana yi sosai, shi ne hanya mafi sauri zuwa asibiti.

In kana son guntaye da yawa masu tsayi ɗaya, misali ƙafafun kujera 40, matse ɗan katako da kilam a jikin fens can gaba kafin a kai faifan. Ka jingina bakin katakonka da shi don awo, kana turawa zai rabu da shi kafin ya taɓa haƙora, guntun ya samu sararin faɗuwa.

Wanda yake yawan wannan aikin ya haɗa tire: filawud mai kaurin milimita 18, tsiri biyu na katako mai tauri a ƙasa da zasu bi ramukan tebur, katako ɗaya a gaba ɗaya a baya, na wajenka a saita shi 90 da faifan. Aikin yamma ɗaya ne kuma daga ranar firem ɗinka zai dinga haɗuwa ba cika rami da gam da dusa. Sai dai ka lura faifan yana ɓullowa ta bayan katakon da kake riƙewa, manna wani kauri a wurin ka shafa masa jan fenti kar babban yatsa ya sauka nan.

11. Filawud da allon kabad

Cikakken allo yafi ƙarfin mutum ɗaya akan ƙaramin injin. Fara raba shi a ƙasa da zarton hannu na lantarki ka bar rarar santimita ɗaya, sannan ka gyara a tebur. Fuska mai kyau ta kalli sama. Don kar farar fatar ta ɓantare a ƙasa, sauke faifan ya shiga milimita 2 kawai ka wuce sau ɗaya, sannan ka ɗaga ka yanke. A wucewar farkon nan faifan a ɓoye yake ƙarƙashin allo, hannunka kar ya bi ta kan layin.

12. In yankan ya fito ba daidai ba

Baƙin ƙuna a gefe ɗaya, fens ne ya matse baya. Ƙuna gefe biyu, faifai ya dakushe ko ƙaro ya daskare a haƙora ko haƙoran sun yi yawa. Kafin ka ce ya mutu jiƙa shi a kananzir ko ruwan omo ka goge da tsohon buroshi, sau da yawa datti ne kawai. In da gaske ya dakushe, mai haƙorin kabayid ana wasa shi da injin wasa na musamman sau da dama kafin ya ƙare, kuma yafi sayen sabo sauƙi nesa ba kusa ba. Zane-zanen haƙora a gefen katako, faifan yana rawa, duba washa da boris. Gaba yafi baya faɗi, ka bar katakon ya rabu da fens ne ko fens ɗin yana motsi in an danna shi. Katako yana turjewa akan tebur, goga masa kyandir ka share, kar ka sa baƙin mai zai ɓata katakon fenti ya ƙi kamawa.

13. Tashi daga aiki, da in tsautsayi ya faru

Kashe, tsaya a wurin har faifan ya daina juyi, kar ka tsayar da shi da guntun katako a gefe. Sauke shi ƙasan tebur, cire filogi, kwashe dusar da ta taru a ƙasa kusa da moto da wayoyi domin ita ce abincin gobara.

Ajiye bandeji da tsumma mai tsafta da leda a shagon. In wani ya yanke, danne wurin da ƙarfi a ɗaga hannun sama da ƙirji, kar a zuba baƙin mai ko dusa ko ƙasa. In yatsa ya fita a ɗauke shi a naɗe a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, ledar kuma a sa ta cikin ruwa mai ƙanƙara, kar yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A wuce babban asibiti nan take ba kemis ba, in a Kano ne Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, kuma wani ya kira waya tun ana hanya, domin awannin farko ne likita yake da damar gwada mayar da shi.